Minti Uku

A Ulanbata sanyi ba ya sallama,
ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa
ya zauna a kumatun 'yata.
Nomin, shekara huɗu,
cikin barci take susa,
da safe zanin gado da ɗige-ɗigen jini
kamar an barbaɗa barkono.

Likita Sarangerel ta juya hannunta,
ta ce, "Kun cika yi mata wanka.
Ƙauna ce, na sani, amma ku rage."
Kunya ta kama ni,
ni da nake tura jarka biyu kan ƙanƙara
tun daga rumfar ruwa
don kada a ce 'yar direba na da dauɗa.

Yanzu tukunya nake ɗorawa a murhun kwal,
in sirka, in tsoma gwiwar hannuna.
Ba zafi, ba sanyi,
kamar madarar da aka tatso yanzu.
Sabulun nan mai ƙamshin fure
ya koma wankin safata.
Soso ya yi ritaya.
Tafin hannu ya isa.

Tawul ba ya guga, dannawa yake,
sannu, kamar mai ba da haƙuri.
Sai minti uku, in ji likita,
kafin danshi ya gudu:
man kwalba, fari, ba ƙamshi,
a bayan gwiwa, a wuya, a bayan kunne
inda kullum nake mantawa
sai ta nuna mini da yatsa.

Kaka Dulma na gefen gado tana taɓe baki.
"Mu kitsen wutsiyar tunkiya muka sani.
'Ya'ya bakwai, wa ya tsage?"
Ban yi musu ba,
wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi.
Amma shekaranjiya na kama ta
ta lakaci na kwalba tana murza wa dugaduganta.
Wai gwadawa take
ko da cuta a ciki.

Rigar ulun da ta yi wata biyu tana saƙawa
ta daina taɓa fata.
Auduga a ciki, ulu a waje,
a haka aka yi sulhu.
Kwanon ruwa na bisa murhu
yana shayar da iskar ɗaki.
Farce kuwa, duk Lahadi,
da cin hancin alewa ɗaya.

Ba ta warke sarai ba.
Akwai wani ja a wuyan hannu
mai taurin kai irin na kakarta.

Daren jiya dai na farka
ƙarfe uku, don sabo,
na kasa kunne ko zan ji farce.
Shiru.
Sai karen maƙwabta,
sai kwal na zubewa cikin toka.
Na haska ta da waya:
hannuwan nan biyu a buɗe bisa bargo,
ba su da aikin yi.