Minti Na Goma Sha Bakwai

Na sauka Kirikasamma ranar Laraba
da jaka, da rikoda, da takarda mai tambaya arba'in,
kowace tambaya da ɗan akwatinta a gefe,
na i daban, na a'a daban.
Abin da malamata ta sa wa hannu in bincika:
yadda ɗan masunci ke tsintar kalma a bakin manya.

Aka nuna mini Baffa Gwadabe
yana gyaran koma, zare a haƙori.
Na gaishe shi, na karanto ta fari:
"Shekara nawa yaro kan yi kafin ya san sunan kifi?"
Ya dube ni, ya dubi takalmina masu sheƙi,
ya ce, "Malam, ka taɓa jiƙewa?"

Na ce ban gane ba.
Ya ce, "Ai na gani. Naɗe wando."

Muka kutsa cikin kacala har ruwa ya kai ƙugu.
Zakiru jikansa, ɗan shekara tara,
ya sa rikodata a ƙwarya ya ɗora a ka
kamar mai tallan fura.
Baffa na ɗagawa, yaro na faɗa:
karfasa, ƙurungu, kawara, tsage,
gaiwa mai kwana a laka sai damina ta tashe ta.
Ba allo, ba "maimaita", ba bulala.
In yaro ya kuskure, tsohon ya yi tsaki
ya jefa masa kifin a ƙirji.

Sai na hango wata a gora,
mai santsi, mai ɗigo-ɗigo, ta yi lamo.
Na ce, "Wannan fa?"
Kaka da jika suka dubi juna.
Baffa ya ce, "Wannan da kanta take faɗin sunanta.
Kama."

Na kama.

Wayyo Allah! Daga ɗan yatsa har ƙeya
wani abu ya tsarga mini kamar na dafa wayar wuta.
Zakiru ya yi dariya har ƙwarya ta karkace:
"Minjirya, Malam! Minjirya!"
Na sha ganin kalmar kwance a ƙamus,
salun-alun, tsakanin 'yan'uwanta.
Ashe ban taɓa saninta ba.

Da la'asar sakaliya, a gindin kanya,
Baffa ya ƙirga mini da yatsu
kifaye bakwai da ya daina gani
tun da kacala ta toshe hanyar ruwa.
"Zakiru bai san su ba, kuma ban ga laifinsa ba.
Da me zan jefe shi a ƙirji?
Yayyensa na Haɗeja suna acaɓa,
ba ƙarfen da ke cikin babur da ba su san sunansa ba.
Baki ai bayan hannu yake bi."

Na zaro takardata in rubuta,
na tarar ruwa ya riga ni:
i da a'a sun narke cikin juna,
shuɗi kamar hannun marini.

A tasha ya riƙe ni da tafinsa mai kanta:
"Littafin nan, da wane baki za ka rubuta shi?"
Na sunkuyar da kai na ce Turanci.
Ya ce, "To madalla. Ka gaida masu shi.
In sun zo kan minjirya, ka ce su kama."

Yau ina Kano, dare ya raba,
janareton maƙwabta na ta gurnani,
ina juye magana zuwa rubutu.
Minti na goma sha bakwai, an daina kalmomi:
facal-facal na ruwa, ihuna,
dariyar yaro, tarin tsoho.
Malama ta ja jan biro a gefe:
"Cire. Wannan ba bayani ba ne."

Na cire.
Na mayar.
Na tashi na sha ruwa, na dawo na zauna,
babban yatsana na dama
har yanzu yana zuga.