Mai Sassaƙa Hatimi a Urushalima

Ni ne Ibneya ɗan Zakkur,
rumfata na gangaren Ƙofar Kifi,
inda ƙarni ke bin riga har gida.
Shekara arba'in ina rubuta sunayen mutane a juye
kan dutsen da bai kai kan yatsa ba,
don in an danna a yumɓu su fito a miƙe.

Shekarar da ƙafafun sarki suka kumbura,
aka daina jin sandarsa a matakalar fada,
babban ɗansa Elzabad ya zo mini da dare,
shi kaɗai, mayafi har hanci.
Ya ajiye jan dutse da azurfa shekel goma.
"Zana mini zaki, baki a buɗe,
ka sa sunana, ka bi shi da kalmar nan."
Na ce, "Ranka ya daɗe, mai kalmar na numfashi."
Ya ce, "Numfashi ba mulki ba ne."

Ba a yi kwana bakwai ba sai ga Gaddiyel,
mai zaƙin baki, wanda ke tare manoma a ƙofar gari
yana tambayar lafiyar inabinsu.
Shi gaggafa ya so, mai fikafikai huɗu.
Ya ninka kuɗin, ya kira ni baba.
Kada in yi muku ƙarya: na karɓi duka biyun.
Hogla matata ta ce,
"Garwashi biyu ka ƙulle a haɓar riga ɗaya."
Na ce mata azurfa ba ta ƙuna.

Autansu Hodawiya ma ya zo,
amma da tsakar rana, ƙura har gwiwa,
daga yasar rijiyoyin kudu.
Hatimin ubansa ne ya tsage a gefe,
aka aiko shi ya kawo gyara.
Ya zauna kan turmi yana cin busasshen ɓaure,
yana tambaya yadda ba na ɓata harafi.
Na ce, "Sai ka manta da naka idon,
ka ari na wanda zai karanta."
Ya yi shiru har ɓauren ya ƙare.

Daren da aka yayyaga riguna a fada
ƙaho biyu suka tashi, ɗaya gabas, ɗaya yamma.
Elzabad ya yanka bijimai don sarakunan yaƙi,
Gaddiyel ya raba alkama a kasuwa.
Kafin zaitun ya nuna an gama.
Zakin, wani yaro ne ya tsinto shi a Kwarin Kidron,
igiyarsa a datse, ya kawo mini sayarwa.
Ban tambaye shi ina wuyan yake ba.
Gaggafar ta tsere Masar a kan jaki,
an ce tana can tana hatimce tulunan giya
na wani attajiri da bai iya karanta sunan ba.

Dattawa suka nemo Hodawiya a bakin rijiya,
suka zuba masa mai, lakar hannunsa ba ta bushe ba.
Ba zan ce ya zama mala'ika ba.
Ya ƙara haraji a shekara ta uku,
ya rataye mutum biyu da na san ba su da laifi.
Kujerar nan tana tauna duk wanda ya hau ta.
Sai dai bai taɓa aiko a yi masa sabon hatimi ba.
Na ubansa yake dannawa, mai tsaguwar nan,
kowace wasiƙa na fita da ɗan tabo a gefe.

Yanzu idona ya yi hazo, jikana ke riƙe da ƙarfen.
Jan dutsen na ƙasan tukunyar gishirin Hogla.
Nakan ɗauko shi in shafa da babban yatsa.
Aiki ne mai kyau,
hannuna bai taɓa yin kamarsa ba,
kuma ko sau ɗaya bai ga yumɓu ba.