Kilo Goma Sha Biyu

Kilo goma sha biyu, in ji sikeli.
Shi ne abin da ya rage jirgin zai ɗauka
bayan mai, bayan ni,
bayan akwatunan allurar shanu
da zan kai can ƙasar Gashaka,
inda hanya take gajiya ta tsaya, daji ya wuce shi kaɗai.

Na shimfiɗa tabarma a inuwar fiffike, a Palladan,
na baje kayana kamar ɗan koli.
Kawu Makau ya iso daga Dakace a kan tsohon kekensa,
maharbin da ya rataye kwari shekara ashirin
amma hancinsa bai daina tambayar iska ba.

Bindiga biyu na kwantar a gabansa, kowace da takardarta.
Mai baki biyu, mai nauyin taɓarya,
da siririya mai baki ɗaya
wadda ake karya ta biyu ta shige jaka.
Na ce, Kawu, zaɓar mini.
Ina jira in ga ya rungumi babbar.

Ko kallo ba ta ishe shi ba.
Jarkar ruwa ya ɗauka, ya jijjiga ta a kunne.
Ya ce, Tanimu, wannan rabi ce.

Ya ce, kwana huɗu na yi a dajin Kamuku,
adaka a kafaɗa, ƙaho cike da albarushi.
Ban ga zaki ba, ban ga kura ba,
sai harshena da ya zama busasshiyar fata a baki.
Ƙishirwa ba ta da ƙirjin da za ka auna.
Sauro bai san dalma ba.
Ran na huɗu na harba sama,
ba don in kashe ba, don a ji,
wata Bafulatana ta bi ƙarar da ƙwaryar nono.

Sai ya ture babbar da yatsan ƙafa,
kilo uku da rabi suka dawo hannunmu.
Muka sayi ruwa da su.
Muka sayi gidan sauro, da igiya gaba goma,
gishiri a ƙullin leda, ƙuli-ƙuli, dabino,
kilishin da na sayo jiya a Tudun Wada,
da adda, wadda ya gwada da babban yatsa
ya yi tsaki, ya nemi dutsen washi.

Ashana? Ya ce raɓa ɗaya ta ishe ta.
Ya kwance lalitarsa ya fito da ƙyastu.
Na nuna masa 'yar na'urar da ke kiran tauraron ɗan'adam
in jirgi ya faɗi.
Ya juya ta, ya juya ta.
Ya ce, tana cin batir?
Na ce, tana ci.
Ya ce, duk mai ci yana mutuwa. Tafi da ita, amma ƙara da usur.

Siririyar ta shiga, da harsashi shida:
uku na zabo, in yunwa ta matsa,
uku na kira.

Sikeli ya ce saura kaɗan.
Kawu ya daɗe hannunsa na cikin aljihu
kafin ya fito da madubin Inna Cindo,
mai tsaga a gefe, mai ƙanshin kwalli har yau,
shekara tara bayan mun kai ta.
Ya ce, rana ba ta cin batir.
In ka ji jirgi, ka haska masa ido.

Da hantsi na tashi.
Kufena ya koma kamar curin ƙasa,
Galma ta zama zaren da aka yar.
Can ƙasa, gefen shingen fili,
wani ɗan ɗigo riƙe da keke
bai ɗaga hannu ba.

Na shafa aljihun gaba.
Yana nan, da tsagarsa.