Ƙafa Biyar da Rabi

Ƙafa biyar da rabi ne bayan motata.
Na auna, na sake aunawa,
ko tef zai ji kunyata ya ƙara.

Tirelar tana Sharaɗa, garejin Barau,
fara fat, injin sanyi a goshinta,
ta miƙo wuya kamar zalɓe
tana neman inda za ta ɗora haɓa.
Tumatirin Kadawa kuwa ba ya jiran kowa.

Ƙofar Ruwa, Laraba, bayan Azahar.
Lawandi ya jawo biyu daga ƙarƙashin benci,
'yan kwatano, baƙi ƙirin da giris,
kowanne faranti ne mai tsagaggen baki.
"Wannan kafaffe ne," ya ce,
"saitin tayoyin baya, noti takwas, ka manta da shi.
Wancan mai zamiya ne, kan dogo biyu yake,
in za ka sha kwana ka sauko ka ja hannu,
sai ya ja da baya taku guda."
Na tambayi kuɗi. Ya faɗa.
Na nemi wurin zama.

Tsakaninsu kuɗin makarantar Ummita ne, zango biyu,
da canjin da bai kai na shayi ba.

Ya leƙa motar, ya tsotsi haƙori.
"Gajeren baya gare ta, Alhaji."
Ban je Makka ba, amma na ji daɗin sunan,
na ce ni direba ne tun ana sayen fetur da sulalla,
na san hannuna.
Na ɗauki kafaffe.

Kwana tara muna lafiya.
Titin Zariya miƙaƙƙe ne,
miƙaƙƙen titi ba ya tona asirin kowa.

Ran na goma, Yankaba, da sassafe,
kwandunan albasa sun cinye rabin hanya,
mai baro yana zagin mai Keke,
yaron mota yana "zo, zo, karya, ƙara karyawa,"
na karya kan har ƙarshe.
Kusurwar tirela ta zo ta gaishe ni ta ƙeya.
Tas!
Gilashi ya zubo mini a wuyan riga
kamar gishirin da ban saya ba.
Kasuwa ta yi tsit na numfashi ɗaya,
sannan wata mai attaruhu ta ce, "Sannu, direba."

Na koma da leda a tagar baya,
tana kaɗawa, tana ba kowa labari
tun daga Hotoro har Ƙofar Mazugal.
Lawandi bai ce uffan ba.
Ya ɗauko alli, ya durƙusa a ƙasa,
ya zana motar, ya zana tirelar,
ya kafa ƙusa, ya ja zare ya kewaya,
ya nuna mini inda baka ya ci kai.
Abin da na biya gilashi na koya,
ga shi a ƙasa kyauta, akuya tana takawa.

Yanzu kafin lungu nakan tsaya,
in sauko, ana ta hon a bayana,
in ja hannun ƙarfen, in ji ƙaras,
nauyin ya matsa, ya ba ni wuri.
Ummita ta shiga aji da rancen Barau.
Jiya ma, ina wanke kujera,
wani ɗan gilashi ya sake samun yatsana.