Sallamar Gaggawa

Sau tara na soka kilen Fassuma
kwamfuta ta ce marhaba.
Na goma ta yi gum,
sai ka ce ban sa mata komai a baki ba.

Shafi tamanin na bincikenta suna ciki,
jibi za ta tsaya gaban malamai,
ni kuwa ina shagona a Zango
ina zargin wanda bai ci ba bai sha ba:
na zargi waya, na canza waya,
na zargi zafi, na juya mata fanka,
na hura ramin kamar mai tada gawayi.

Mutari mai shayi ya leƙo ya ce,
abin nan ai halin famfon unguwarmu ne,
ba ya zuwa sai ka gaji ka kwanta.

Na ɗana tarko.
Na sa direban da ke tsakanin kile da inji
ya rubuta mini duk takun da ya yi.
Shi ke nan, ciwo ya warke.
Sau ɗari, babu ko tuntuɓe.
Na cire tarkon, ya dawo a na sha huɗu.
Ɓarawon da ya san ana gadi.

Wuta ta ɗauke. Na zauna a duhu
ina jin kuɗin mai na ƙonewa a injin maƙwabci,
har ladan ya gyara murya daga wajen Birni.
Nan na tambayi kaina:
me rubutu ya ƙara, in ba jinkiri ba?

Ashe direban baƙo ne marar haƙuri.
Yakan yi sallama a zaure,
kafin mai gida ya lalubo takalmi
ya juya ya ce ba kowa.
Ran da kile ya farka da wuri, su gaisa.
Ran da ya makara da ƙiftawar ido,
a ce ya yi tafiya.

Layi uku na rubuta.
Ma'anarsu: tsaya a amsa maka.
In shiru, sake sallama.

Fassuma ta zo da hantsi,
ta ce, ya gyaru?
Na ce, sau ɗari huɗu bai faɗi ba.
Ta ce, ba shi na tambaye ka ba.

Na miƙa mata kilen,
da wani na biyu da na kwafe komai a ciki.