Murhun Wuya

A tsakiyar bazara na fara jin sanyi.
Rana na narka kwaltar hanyar Ringim,
ƙadangaru na haki a gindin rumbu,
ni kuwa, Tasalla mai ƙuli,
na naɗe cikin zane biyu da bargon Ilu,
ina neman gefen wuta.

A da, kafin zakara ya gama gyaran murya
na matse tiya uku ta gyaɗa.
Yanzu muciya ta fi taɓarya nauyi.
Tunkuza na kallona, ina kallonta,
har barci ya sace ni a zaune, hannu cikin kwano.

Mai kitso ta ce, ina gashin?
Ta nuna mini shi a haƙoran matsefi.
Ƙiba ta zo, ba tuwo ne ya gayyace ta ba,
warwaro ya ƙi fita daga hannu.
Na je rijiya, na manta guga.
Na yi sallama a ƙofar Dudu,
ta ce, bawan Allah, maigidan ba ya nan.

Unguwa duka ta zama likita.
Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce shawara,
wata ta ce jifa.
Wata ta ce son jiki ne kawai,
a hankali ta faɗa, amma danga ba ta riƙe sirri.
Na sha sabara, na sha marke,
har harshena ya manta zaƙi.

Sai Nomau ya dawo daga birni da gwangwani uku,
rubutun jikinsu kamar shanya a igiya.
Inna, na Indiya ne,
can ma tsofaffinsu da saiwa suke magani.
Na buɗe na farko, na yi dariya.
Hulba ce, ɗana. Wannan kuma kurkur.
Sun je yawon duniya sun dawo da tsada.
Na ukun ne baƙo, garin wata saiwa
mai warin doki bayan sukuwa.
Ya koya mini numfashi irin nasu:
toshe hanci ɗaya, ja, riƙe, saki.
Kaji suka tsaya suna kallona.
Zuciya ta ɗan kwanta, ba zan yi ƙarya ba.
Sanyin dai yana nan.

Ranar Litinin aka ɗebi jinina.
Likitar, yarinya ce sa'ar Nomau,
ta ɗora yatsu a maƙogwarona, ta ce haɗiyi yawu.
Ta ce, Baba, akwai ɗan murhu a nan,
shi ke ɗuma gidan gaba ɗaya.
Naki bai mutu ba, toka ce ta yi yawa.

Na zazzage mata kayana a tebur.
Ba ta yi tsaki ba. Ta ware su kamar mai tsintar wake.
Hulba ki sa a kunu, kurkur a miya, in kina so.
Zogale ki ci. Gishirin leda mai aidin, a rufe shi.
Wannan mai warin doki, ajiye shi tukuna,
kada biyu su hau jaki ɗaya ba da sanina ba.
Sannan ta miƙo ƙwaya,
ƙwayar dawa ta fi ta girma.
Kullum da asuba, da ruwa kawai, kafin koko.
Har yaushe? Ta ce, kamar hura wuta.
Na gane. Ba a hurawa sau ɗaya.

Damina ta shiga, ta fita.
Bargon Ilu ya koma wurin Ilu.
Gashin bai gama dawowa ba,
kuɗin mota zuwa gwajin jini yana cizo,
akwai ranakun da muciya ke tuna mini nauyinta.

Amma jiya na yi sallama a ƙofar Dudu.
Tun daga ɗaki ta ce,
Tasalla, ina man da na biya tun bara?