Ɓarawon Yana Ƙarƙashin Siminti

Rami na farko bai ce komai ba.
Jar ƙasa mita biyu, sai yumɓu,
irin ƙasar da ke ciyar da kofi a tuddan Minas.
Na shinshina, na rubuta: babu.

A rami na uku, gab da famfon dizal,
allurar na'ura ta zabura kamar an taka mata wutsiya.
Iolanda ta kau da fuska daga bakin bututu,
ba ta tanka ba, ta miƙo mini kwalba.
Mita bakwai. Ƙasa ta koma ruwan toka,
tana maiƙo a safar hannu,
tana warin da ya girmi rabin yaran garin.

Dona Zulmira ce ta sa aka kira mu.
Rijiyarta na gangare, bayan coci.
Ta ce kofin safe ya soma ɗaci irin na baƙo,
kaji sun ƙi sha,
da rana kuma in ta leƙa guga
sai ta tarar da bakan gizo kwance a kan ruwa.
"Ba hadari, ba yayyafi,
me ya kawo shi gidana?"
Na ce mata ruwa ba ya tsami banza.
Ta ce wannan ta sani, sunan mai laifi take so.

Ruwan ƙasa ba ya gudu, rarrafe yake yi,
yana ratsa yashi, yana kewaye dutse,
abin da aka ba shi kuma ba ya yarwa.
Muka bi shi da ramuka goma sha huɗu
kamar masu bin sawun maciji da dare:
nan akwai, nan babu, nan kaɗan.
A kan taswira tabon ya fito kamar harshe,
tushensa gidan man Valdemar,
tsininsa na lasar katangar makaranta.

Ranar da aka fasa siminti
gari ya taru har da mai gasa burodi.
Tanki ya taso a sarƙa, ciki duk tsatsa,
laka na zuba daga haƙarƙarinsa.
Na zagaya shi sau biyu kafin in ga hujin.
Bai kai ƙwayar wake ba.
Na ɗora ɗan yatsa, ya toshe.

Da yamma Valdemar ya fito da littattafan lissafi.
Ban tambaye shi ba.
Kowane wata lita sittin ba a gan ta ba,
ga ta nan da jan biro,
a gefenta suna ɗaya: Anacleto.
Shi ke zuba wa motoci mai.
A shekara ta huɗu aka kore shi,
aka faɗa a shago, aka faɗa a wurin aski,
har 'yarsa ta daina zuwa cocin safe.
Bayan tafiyarsa mai bai fasa ɓacewa ba.
Valdemar ne ya fasa rubutawa.

Takardar rahotona tana da gurbin zurfi,
gurbin zafi, gurbin guba a kowace lita.
Na duba gaba da baya,
babu inda ake mayar wa mutum sunansa.

Washegari ga wani dattijo da keke
tsaye a bakin ramin, hula a hannu.
Ya daɗe yana kallon inda tankin ya kwanta.
"Lita nawa?" ya tambaya.
Na ce sun haura dubu bakwai, a ƙiyasi.
Ya gyaɗa kai.
"Ni dai lissafina bai taɓa kuskure ba."

Motar ruwa ta yi ƙaho a gangare.
Ya jingine keken,
ya karɓi jarkoki biyu daga hannun Dona Zulmira,
suka shiga layi.
Mu kuma muka koma kan injin,
saura rami ɗaya a filin makaranta.